Maganar Abba da Ganga

Atlanta, daren Lahadi

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ya Maman Ummi da yaran? Na san da me za ka tarbe ni, "ashe kana nan da ranka." Ka yi haƙuri. Saƙonninka na murya guda uku tun bayan Babbar Sallah duk na saurare su, na ukun ma sau biyu, don dariyar da ka fashe da ita a ƙarshe kan batun ragon Baffa. Maganar filin da ka tambaya zan zo kanta. Bari dai in fara sauke abin da yake cina, kuma da gangan na zaɓi rubutu, don in waya ce ba za ka bari in kai rabi ba za ka katse ni.

Abba ne yake son shiga 'yan badujalar makarantarsu. Ba busa ba, ganga yake so. Takardar amincewar iyaye yau kwananta goma sha biyu manne a jikin firij, ran Juma'a ake rufe karɓa. Yaron bai matsa mini ba, bai yi fushi ba, sai dai kullum da safe in ya zo ɗaukar madara sai ya ɗan gyara zaman takardar, ya kalle ni, ya wuce. Wannan shirun nasa ya fi mini nauyi a kan ya yi ta magiya.

Ka san sunan wa yake ɗauke da shi. Kuma kai kaɗai ne ba sai na yi wa dogon bayani ba, tunda kana tsaye a bayana ranar faretin 27 ga Mayu muna aji biyar, lokacin da aka rataya mini ƙaramar gangar nan mai igiyar da ta tsinke aka ƙulla. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Malam, Allah ya jiƙansa, bai dake ni ba. Ya bari sai da na gama cin abinci, sannan ya ce gidan nan allo muka gada, ba gula ba. Washegari na mayar wa malamin wasanni da gangarsa, ban sake taɓa wata ba har yau. To ga mai sunansa nan, shekara 14, yana kaɗa mini teburin cin abinci da fensira biyu.

Maman Abba ce ta shirya mini tarko, kuma na gode mata. Iyayen 'yan badujalar sun haɗa kallon fim a babban ɗakin taron makarantar jiya Asabar don a tara kuɗin kayan sawa, ta saya mana tikiti uku ba ta yi shawara da ni ba. Fim ɗin tsoho ne, Drumline, na 2002, wanda Nick Cannon ya fito a ciki yana saurayi. Na ɗauka yara ne za su cika wurin. Wallahi da muka shiga sai na ga furfura ta fi yawa. Tsofaffi maza da mata, kowa da rigar makarantar da ya yi, wasu rigunan sun koɗe, wasu ba sa ma rufuwa a ciki, amma an saka.

Sai na fara yi maka bayanin wani abu, don in ba haka ba za ka zaci badujalar 'yan sanda nake nufi. A nan akwai jami'o'i wajen 100 da aka kafa wa baƙaƙen fata, yawancinsu bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, zamanin da ba a karɓarsu a makarantun Turawa. Huɗu daga ciki ma suna maƙwabtaka da juna a unguwa ɗaya a Atlanta: Morehouse, Spelman, Clark Atlanta da Morris Brown. A irin waɗannan makarantu, in ana ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga, da yawan mutane ba ƙwallon suke zuwa kallo ba. Hutun rabin lokaci suke jira, lokacin da ɗalibai ɗari biyu ko uku za su cika fili da ƙahonni da ganguna, suna kiɗa suna taku suna rawa, suna tsara haruffa da jikinsu a kan ciyawa. Mafi kusa da zan iya kwatanta maka shi ne Hawan Daushe, yadda kowane hakimi yake shigowa da tawagarsa da makaɗansa, jama'a na auna wa ya fi wa.

Labarin fim ɗin ba shi da wuya. Wani yaro ne ɗan Harlem ta Niyok, gwanin ganga, shugaban badujalar wata jami'a a Atlanta ya ɗauko shi da tallafin karatu. Jami'ar ƙirƙirarriya ce, amma a harabar Clark Atlanta aka ɗauki wani ɓangare, shi ya sa duk ginin da aka nuno sai ka ji wani a ɗakin ya kira sunansa. Yaron yana da baiwa, yana da girman kai, ga shi da wani sirri: bai iya karanta rubutun kiɗa ba. In ya ji abu sau ɗaya ya ɗauke shi kenan, amma in ka miƙa masa takarda bai san me ke ciki ba. Babban ɗalibin da ke jagorantar masu ganga ya gano shi ya tona, aka mayar da shi sahun baya, daga baya ya jawo faɗa a fili gaban jama'a aka kore shi. Sauran labarin yadda ya sauke kai ne ya koyi karatun ya dawo.

Ni kuwa rabin hankalina ba a kan majigin yake ba, yana kan mutanen ɗakin. Ban taɓa zama a wurin kallo irin wannan ba tun zamanin da muke satar hanya mu je sinima, kai kana gaba kana faɗa wa kowa abin da zai faru. Su ma haka suke, sun haddace maganganun, kafin ɗan wasa ya buɗe baki ɗakin ya riga shi. Akwai taken da shugaban badujalar yake maimaitawa, cewa ƙungiya ɗaya ce, sautinta kuma ɗaya. Duk sanda ya fara sai ɗakin gaba ɗaya ya ƙarasa masa, har da wata tsohuwa a keken guragu.

Kusa da ni wani dattijo ne, zai haura shekara 70, yatsunsa duk sun lanƙwashe da ciwon gaɓɓai. Da aka fara kiɗa sai na ji kujerarmu tana motsi. Na duba, ashe shi ne yake kaɗa gwiwoyinsa da waɗannan yatsun, idonsa a rufe, kuma bugu ɗaya bai kuskure ba. Inda masu ganga suka ɗaga sanduna sama shi ma ya ɗaga hannu, inda suka tsaya cak ya tsaya. Da aka kunna fitila ya ce mini shekara arba'in da wani abu rabonsa da rataya ganga. Na ce a raina, ashe ba ni kaɗai ba ne hannu yake tunawa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sahun gaba na hagu. Mutum kamar ashirin cikin riguna ruwan makuba da baƙi. A fim ɗin abokan hamayya su ne 'yan Morris Brown, kuma ainihin badujalar makarantar ce ta fito da sunanta. Su ne aka nuna a matsayin masu fankama da son burga. To duk sanda suka bayyana a majigi sai waɗannan mutanen su miƙe tsaye suna ihu suna nuna fuskoki, ga wane, ga wance. Da aka zo karon ƙarshe aka ce an cinye su, sai suka yi ta kuwwa wai an yi musu maguɗi, kamar yau aka yi gasar, alhali sun san labari ne rubutacce. Wata mata a cikinsu kuma ba ta yi ihu ba, kuka take yi a hankali, tana share ido da hannun riga.

Maman Abba ta je ta zauna kusa da ita bayan an tashi, ka san halinta. Matar ta ce a watan da fim ɗin ya fito, Disamban 2002, a watan ne hukumar tantance jami'o'i ta janye amincewarta daga makarantar saboda bashi da ɓarnar kuɗi. In aka yi wa makaranta haka a nan, ɗalibanta ba sa samun tallafin gwamnati, sai kowa ya watse. Makarantar da take da ɗalibai wajen 2,500 ta koma 'yan gomomi. Duniya tana kallon badujalarsu a sinima, su kuma suna haɗa kayansu. Cocin baƙaƙen fata ne ya kafa ta tun 1881, kuma ba ta mutu ba, sai a 2022 ta sake samun amincewa, bayan shekara kusan 20. Ta ce fim ɗin nan ne kawai wurin da take iya ganin makarantarta yadda ta san ta. Hatta filin da aka yi karon ƙarshen, Georgia Dome, an rushe shi a 2017.

Af, kafin in manta, da gaske ne Na-Goggo ya ƙara aure? Yaya ce ta faɗa wa Maman Abba a waya, wai har an tare, kuma wai kai ne ka karɓa masa. Kai da ka ce ka bar shiga sabgarsa tun rigimar babur! In gaskiya ne ka isar masa da gaisuwata da addu'ar zaman lafiya, ka kuma ce masa bashin kilishina yana nan bai faɗi ba.

To bayan fim aka ba da shayi da biskit, nan fa gardama ta ɓarke, irin ta majalisar ƙofar gidanku bayan an tashi daga kallon ƙwallo. Masu busa suka ce an zalunce su, fim na awa biyu an ba wa masu ganga komai, su da suke ɗauke da waƙar ba a ko waiwaye su ba. Wani ƙato da ya ce babban ƙahon nan mai zagaye jiki ya busa, ya ce a gwada cire su a ji ko badujala za ta yi nauyi. Wani ya ce a zamaninsu ɗan aji ɗaya da ya mayar wa babba magana kamar yaron nan ko kwana biyu ba zai yi ba. Wata malamar kiɗa ta ce ita inda ba ta yarda ba shi ne a ba wa yaro cikakken tallafin karatu ba a taɓa ajiye masa takarda an ce karanta ba. Dattijona kuwa ya ce shi ya san irinsu da yawa, sun girma suna kaɗa wa coci, kunne ne kawai jarinsu. Amma duk da ƙorafin, ba wanda ya ce fim ɗin bai kyauta ba. Abin da suke ta nanatawa shi ne kafin 2002 mutanen wasu jihohin ba su ma san da wannan al'ada ba, bayan fim ɗin kuwa yara suka yi ta tururuwar neman ganga. A shekarar da ta biyo baya, 2003, kamfanin Honda ya fara babbar gasar badujalolin nan a Atlanta.

Wurin da aka tona asirin yaron nan shi ne ya tsaya mini a rai. Ɗakin ya yi "ayya," wasu yara suka yi dariya, ni kuwa sai na ji kamar namu ake tonawa. Wane makaɗin kalangu ne ko kotso ya taɓa ganin takarda? Mai tambarin sarki ba a gaban ubansa ya zauna ya ji ya kwaikwaya ba? A wajenmu wannan yaron shi ne cikakken gwani, ba abin da ya rage masa. A nan kuwa an ce bai cika ba. Na yi ta juya abin a hanya, sai na ga su ma da hujjarsu. Makaɗinmu da 'yan amshinsa mutum nawa ne, biyar, goma? Ido da ido ya ishe su. Amma mutum 300 a fili mai tsawon yadi 100, na wannan gefe ba ya ganin na wancan, in ba rubutu ɗaya suka haddace ba ai sai kasuwa. Kuma shi kansa Dallas Austin, wanda rayuwarsa ce tushen labarin, ya yi kiɗan ganga a sakandare a nan Atlanta ya zama babban mai shirya waƙoƙi.

Ga inda na maƙale, Baban Ummi. Na yi shekara talatin da wani abu ina ɗauka ganga Malam ya ƙi. Jiya ina kwance na fara tunanin ko roƙo ya ƙi. A garinmu in ka rataya ganga ka shiga sahun masu bin ƙofar gida, a yi maka liƙi, a kira ka maroƙi, ka nemi aure a ce a duba asali. Ko Shata ai mahaifinsa bai so ba, ga shi sai da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. A nan mai jagorantar makaɗan dakta ne, yaran kuma in makinsu ya faɗi a aji cire su ake yi. Ba mai liƙa musu ko sisi, ba sa wasa kowa. Badujalar jami'ar Grambling ta yi kiɗa a wasan Super Bowl na farko, wato babban wasan ƙarshe na gasar ƙwallon nan tasu, a 1967, ta Florida A&M an gayyace ta Faransa a 1989 bikin cikar juyin juya halinsu shekara 200, ta Tennessee State ta ci kyautar Grammy a 2023. Iyaye nan alfahari suke yi, kuma da yawa da gangar ake biya wa yaro kuɗin jami'a, wanda ka san a ƙasar nan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ina tsoron kada ya zama ina yi wa Malam fassarar da ta dace da son zuciyata ne, tunda ba ya nan balle ya ce a'a. Ta fuskar addini ma na san malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma na san ɓangaren da shi yake.

Akwai kuma abin da fim ɗin ya taɓa sama-sama ya wuce. An nuna ana tashin sababbi da asuba, ana sa su gudu da tsallen kwaɗo, ɗakin na ta dariya ana cewa haka aka yi mana. Wani mutum da ke bayanmu bai yi dariya ba. A wajen shayi ya ja ni gefe, ganin ni baƙo ne, ya ce in tambayi sunan Robert Champion. Na riga na san labarin. Ɗan Decatur ne, nan kusa da mu, yana cikin masu jan ragamar badujalar Florida A&M. A Nuwamban 2011, bayan wani wasa a Orlando, 'yan uwansa makaɗa suka yi masa dukan shiga ƙungiya a cikin motar bas har ya mutu, yana da shekara 26. An dakatar da badujalar sai 2013 ta dawo, shugaban jami'ar ya sauka, an ɗaure wasu. Mutumin ya ce an gyara abubuwa da yawa tun daga nan, amma uba ya riƙa tambaya, ya riƙa duba bayan ɗansa. Wannan magana ta hana ni barci fiye da ta Malam.

Sauran damuwoyin ƙanana ne amma suna nan. Wasanninsu daren Juma'a ake yi, Magariba da Isha duk a fili za su same shi. Atisayen bazara a tsakiyar zafi ake yi, kuma zafin Jojiya da gumi yake zuwa, ba irin namu busasshe ba. Ga shigar 'yan matan da ke rawa a gaban badujala, wadda Maman Abba da kanta sai da ta kawar da kai. Na sami malamin da ke kula da su na yi masa maganar salla, ya ce akwai yara Musulmi biyu a ciki, ɗaya iyayensa 'yan Senegal ne, kuma a ɗakin ajiye kayan kiɗa suke shimfiɗa dardumarsu. Na ji daɗin yadda ya amsa ba tare da ya yi wani jim ba.

Na bar maka babban a ƙarshe. Ashe an shirya cewa da an gama shayi masu gangar makarantar za su shigo. Ba sanarwa, sai dai muka ji ƙofar baya ta buɗe. Yara goma sha biyar, manyan ganguna biyar a baya jere daga ƙarama zuwa babba. Baban Ummi, ba a kunne na ji ba, a ƙirji na ji, kamar ranar da muka tsaya dab da masu tambari a Ƙofar Kudu. Kofin shayin da ke hannuna har rawa yake. Tsofaffin nan suka manta da sandunan dogarawa. Na juya in ga Abba, sai na tarar ba su yake kallo ba, hannuna yake kallo. Ashe yatsuna suna bin kiɗan a jikin kofin ban sani ba. Bai ce komai ba. A mota ne muna dawowa ya ce, "Baba, ka taɓa kaɗawa ne?" Na ce masa sau ɗaya. Ya ce in ba shi labari, na ce sai wani lokaci, don ban san yadda zan faɗa ba tare da na sa ya ga baiken kakansa ba, mutumin da bai taɓa gani ba kuma yake alfahari da sunansa.

Zuciyata ta fi karkata ga in sa hannu, da sharaɗin salla a kan lokaci, da maki kada ya sauka, da karatunsa na Asabar a masallaci kada ya taɓu, kuma duk tafiyar da za su yi ina cikin iyayen da ke rakiya. Amma ba zan yi ba Hajiya ba ta sani ba. In ta gani a wayar jikokinta kafin ta ji daga bakina, ka san abin da zai biyo baya, kuma ka san wanda zai fara kai mata. Alfarmar da nake nema ke nan: ka je gaishe ta gobe ko jibi, kai da take ji da kai fiye da mu da ta haifa, ka ɗan taɓo zancen a matsayin faretin makaranta, ka ji ta inda za ta ɓullo. Kada ka ce ni na aiko ka, kuma don Allah kada ka yi dariyar nan taka a gabanta. Duk abin da ta ce ka turo mini yadda ta faɗa, kada ka rage masa zafi. Ina so in kira ta ran Alhamis.

Ka kuma gaya mini gaskiyar ra'ayinka, kai da ka san Malam kamar yadda na san shi. In Ummi ce fa?

Dare ya yi, gobe da asuba zan fita aiki. Maman Abba tana gaida Maman Ummi, ta ce yajin ya iso, daddawar ce aka ƙwace a filin jirgi. A gaida Baffa da mutanen majalisa kaf.

Naka,
Baban Abba